Ƙofar Garkar Baba Ila

Ɗiyata Rabi,

Gaisuwa mai yawa daga gare ni da innarki da ƙannenki. Muna nan Madawa lafiya. Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka Keita ba gajiya mai nauyi, kin kuma dace da masauki na mutanen kirki. Allah ya tsare ki a hanya da wurin kwana, ya tsare ki daga abin da kika hango da wanda ba ki hango ba.

Ranar da na raka ki tasha abu uku na faɗa miki: ki riƙe salla, ki tafasa ruwan sha, ki rubuto. Akwai na huɗu, ban faɗa ba har mota ta tashi. Kin san halina, magana a tsaye ba ta fito mini daidai, sai na zauna da alƙalami na auna ta. Aikin da aka ba ki zai riƙa kai ki garake da gonaki da garken mutane, kuma kowanne yana da ƙofa. A lakwal, makarantar noma, an koya miki ƙasa da iri da taki. Na duba littattafanki bayan tafiyarki, ban ga shafi ko ɗaya a kan ƙofa ba. A nawa ma babu. Shi ya sa zan ba ki labarin kuskure uku da na yi a ƙofa ɗaya, cikin rani ɗaya. Ban taɓa ba ki shi duka ba, don kunya.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari aka tura ni Tama malamin gona. Wata biyu ke nan da karɓar diplom ɗina. Ke kina da shekara biyar, na bar ku Urno wajen kakarki. Aka ba ni mobilet, wato ɗan ƙaramin babur, da igiyar awo, da littafi, aka ce in auna garaken kwari in rubuta zurfin rijiyoyinsu. Tsoron kuskure ya cika ni. Kowane awo sau biyu nake yin sa, wani sau uku. Na ɗauka duk kuskuren da mutum zai iya yi a aikin nan cikin littafi yake.

Garka ta shida a jerina ta wani dattijo ce, Baba Ila. Na isa da hantsi. Shingen ƙaya ne, tsayinsa daidai ƙirjina. Babu ƙyaure, babu kwaɗo. Wani babban reshen magarya ne aka toshe mashiga da shi, kansa mai ƙaya yana fuskantata. Na duba hagu da dama ban ga kowa ba. Na ce a raina aikin gwamnati ne, kuma fili ne ba ɗaki ba. Na tura reshen da ƙafa, na kutsa. Ƙaya ta kama mini wando ta yage shi daga gwiwa.

Wata tsohuwa na zaune bakin rijiya, ta tuɓe ɗankwali tana wanke kai. Inna Hawa ce, matar mai garkar. Ta ja zane ta rufe kanta ba gaggawa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ta ce, “Ila, taho ka gani. Gwamnati ta shigo muna ta cikin ƙaya.”

Baba Ila ya fito daga bayan kara, gajere, ƙafafunsa duk laka. Ya ce, “Ɗana, ka yi sallama ban jiya ba?”

Na ce, “Ban yi ba, Baba.”

“To koma waje ka yi. Ba don ni ba, don gobe.”

Na koma waje da yagaggen wando, na tsaya na yi sallama. Ya amsa mini da cikakkiyar murya kamar bai taɓa ganina ba, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, sannan ya kama gindin reshen daga ciki ya ja shi da hannu ɗaya. Mashiga ta buɗe ba wahala.

Ya ce, “Duba nan. In mai wuri shina ciki, ya jawo reshe bayansa, gindi na ciki, ƙaya na waje. In ya tahi, daga waje ya tura shi, gindi na waje. Ƙayar da ta ci maka wando gaya maka takai muna nan. Ba ka karanta ba.”

Inna Hawa ta ce, “Ka bar shi. Boko ya karanta, ba magarya ba.”

Rabi, ni da na yi shekaru ina karatu, ban san reshe yana magana ba. Tun daga ranar, in na zo mashiga sai na tsaya na duba ta kafin in taɓa. Ke ma ki yi haka. Ki kashe mobilet tun daga nesa, ki jingine shi waje. Ki yi sallama da ƙarfi, ki jira, ki sake. Garka ɗaki ce, rufi kawai ta rasa. A ciki mace na tuɓe ɗankwali, mutum na cin abin da ba ya so a ga yana ci, wani na kuka shi kaɗai. Takardar aiki da ke jakarki ba ta buɗe miki ita. Mai ita ne ke buɗewa. Kada kuma ki taɓa tsallake shinge ko da ya yi ƙasa, don inda kika tsallaka nan akuya za ta gwada gobe.

Yanzu bari in gaya miki abin da na gani a ciki, don ki san girman abin da na yi daga baya.

Kwarin duk ya bushe a shekarar. Tuddan duwatsu ja-ja a kewaye, itatuwa rabi matattu. Amma a ƙarshen garkar nan akwai fangali goma sha ɗaya na albasar iri, duk sun fitar da kara, kowane kara da farin kai kamar dunƙulen auduga. Tsayinsu ya kai mini ƙugu. Ƙudan zuma na ta kai da komo a kansu, ƙararsu na tashi kamar ana karatu a nesa. Na tsaya da igiyar awo a hannu na manta abin da ya kawo ni. Har yau ban ga wani abu da ya cika mini ido kamar wannan ba, kuma na ga gonaki da yawa.

Baba Ila ya ce irin na mahaifinsa ne, shi ma daga nasa mahaifin. Lokacin yunwa maƙwabta sun cinye albasar da suka ajiye don iri, wasu sun sayar, kuma ba mai ganin laifinsu. Shi ya rufe tasa a rudu, rumbun albasa, iyalinsa suna jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suna ci, bai buɗe ba. Inna Hawa ta ce, “Kwana arba'in ban yi mishi magana ba. Ina ganin abinci cikin rudu, shina ce mini ba abinci ba ne.” Gida goma sha tara ne a unguwarsu ke jiran wannan iri ya nuna, su sami na shukawa. Na rubuta adadin a littafina, shi ya sa ban manta ba.

Kuskure na biyu ya zo bayan kwana tara. Ina duba littafina na ga zurfin rijiyar Baba Ila bai yi daidai da na maƙwabtansa ba. Bambancin bai kai kamu biyu ba, amma ya hana ni sukuni. Na koma da azahar. Gindin reshen na waje, wato ba kowa, sun tafi suna a wani ƙauye. Na yi murna da na iya karantawa. Na yi sallama duk da haka, na ce ai yanzu an san ni. A kan gindin reshen akwai wani dutse mai faɗi, na ɗauke shi na ajiye gefe. Na shiga, na auna. Awona na farko daidai ne, ba abin da zan gyara. Na fito, na tura reshen ya koma mazauninsa, na dube shi sau biyu na ga ya toshe. Na hau mobilet na tafi. Dutsen na nan gefe inda na bar shi.

Da la'asar shanun wani makiyayi, Bello, suka sauko kwari. Ba albasa suke nema ba, ƙamshin ruwa suka ji. Reshen da ba dutse a kansa, saniya ɗaya ta sa ƙaho ta ɗaga shi. Karan albasar iri kuwa bututu ne, ba komai ciki. In ya karye ya karye, ba ya sake tashi.

Washegari na iske mutane tsaye bakin garkar, ba mai magana da ƙarfi. Fangali bakwai sun kwanta, fararen kawunan na cikin laka da sawun kofato. Huɗu suka tsira, waɗanda ke bayan rijiya. Zuma na nan tana yawo a kan waɗanda suka faɗi. Inna Hawa na tsugune tana ɗaga kara ɗaya-ɗaya, tana jingina shi da ɗan itace, yana sake faɗuwa.

Aka kira Bello gaban maigari. Ya rantse bai taɓa reshen ba, ya ce yana bayan garke, kafin ya iso sun shiga. Ba wanda ya yarda. Aka fara maganar a karɓe masa karsana, wasu na cewa a hana shi kwarin gaba ɗaya. A shekarar da shanu suka mutu kamar ƙudaje, hana mutum kwari daidai yake da kashe masa sauran. Ina zaune a bakin tabarma, littafina a cinya. Ba wanda ya gan ni jiya. Na san in na yi shiru, shi ke nan.

Maigari ya ce, “Ila, kai aka yi wa ɓarna. Mi ka ce?”

Baba Ila bai dubi kowa ba. Ya ce, “Ranka shi daɗe, saniya ba ta ɗaukar dutse ta aje shi gefe a kwance, da kyau, hannun dama. Mutum ne mai tsari ya aje shi. Ina so mu ɗan jira. Wataƙila shina da abin faɗi.”

Aka zauna jira. Ban san tsawonsa ba, ni da nake auna komai. Sawun takalmina mai layi-layi na nan a bakin rijiyarsa, kuma a duk Tama ni kaɗai ke sa irinsa. Ya gani tun da safe. Yana iya nuna ni da yatsa a gama. Bai yi ba, ya bar mini ƙofar in shigo da ƙafata.

Na miƙe. Na ce ni ne. Na faɗi lokacin da na shiga da lokacin da na fito da dalilin shigata. Da na zo kan kamu biyun nan, wani daga baya ya ce, “To, rijiyar ta ƙaru ko ta ragu?” Na ce tana nan yadda take. Wasu suka yi dariya mai ɗaci. Bello ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce, “Allah ya ba ka lada, malam, amma ka daɗe zaune.”

Na ce zan biya. Baba Ila ya ce, “Wace kasuwa za ka sawo irin ubana?” Ya ce, “Abin da ya rage huɗu ne. Suna son ruwa sahe da marece har su nuna. Bayana ya gaji. Kai naka sabo ne.”

Ga abin da nake so ki riƙe a nan. Kada ki shiga wurin da mai shi ba ya nan, ko da an san ki, ko da abin da za ki yi na minti biyu ne. Takardarki na iya jira. In kuma dole ta sa kika buɗe wata mashiga, kafin ki taɓa komai ki tsaya ki haddace yadda take: ina dutse, ina igiya, ƙulli nawa, wane gefe. Abin da ya yi miki kama da tarkace, galibi shi ne makullin. In kuna tafe da yawa, kada ki ce na baya zai rufe, shi ma yana cewa ke za ki dawo. Ki tsaya ki gani da idonki. Bayan kin rufe ki jijjiga, kamar yadda saniya za ta yi. Ƙofar langa-langa ma da za ki gani a lambunan ma'aikatan asibitin mishan, mai waya da ƙugiya, hukuncinta ɗaya da na reshe. Kuma in kin yi ɓarna, ki faɗa tun kafin a zauna a kan wani. Ni sai da aka kusa raba mutum da karsanarsa. Wannan jinkirin ya fi dutsen yi mini nauyi.

Kwana talatin da takwas na yi ina ja wa fangali huɗun nan ruwa da guga, kafin aiki da bayan aiki. Hannuwana suka fashe. Inna Hawa ba ta yi mini magana ba har mako biyu. Ranar da ta fara, fura ta miƙo mini ta ce, “Sha, Gwamnati. In ka mutu nan a ce mu ne.” Sunan ya bi ni har na bar Tama. A kwanakin nan na ga yadda farin furen ke bushewa ya zama ɗan ƙoƙo, ƙoƙon ya tsage, baƙin iri ya leƙo. Na karanta wannan a lakwal, na ma ci jarrabawa a kansa. Amma ban san shi ba sai da na durƙusa gabansa kullum ina roƙon Allah kada ya mutu.

Kuskure na uku tsoro ne ya haife shi. Na zama mutumin da ba ya iya wuce mashiga a buɗe. Bayan an yanke kawunan iri an kai gida, an kuma haƙe sauran albasa, wata safiya na zo na hango garkar Baba Ila a wangale, shanu na dosarta. Shanun Bello ne, na gane wata jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho. Na yar da mobilet, na sheƙa, na tare su da hannu da ihu, na jawo reshen na toshe, na ɗora dutse, na jijjiga. Na tsaya ina haki, ina jin yau na rama.

Bello na tsaye da sanda a kafaɗa yana kallona. Baba Ila ya taso daga gindin bishiya, yana tafe yana girgiza kai.

“Gwamnati, ina ka iske reshen?”

“Can gefe, Baba, jikin shinge.”

“A yashe, ko a jingine?”

Na yi tunani. “A jingine.”

“Dutsen hwa?”

“A kansa.”

“To wa ka sani cikin shanu mai jingine reshe shi ɗora dutse?”

Bello ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Baba Ila da kansa ya buɗe musu. Ya ce kowace shekara in an kwashe amfani, shanun gidan su Bello ke shiga su ci ciyawar bakin fangali da ganyen da ya rage, su kwana bakwai, su bar masa taki. Haka iyayensu suka yi. Na ce, “Baba, ai su ne suka tattake irin.” Ya ce, “Su ne. Kuma kashinsu ne ya ciyar da shi tun ba a haihe ni ba. In na ruhe musu bana don haushi, mi ƙasar za ta ci baɗi?”

Na tsaya ina kallon shanun nan suna shiga ɗaya bayan ɗaya, suna bi ta kan wurin da suka yi ɓarna, mai wurin na shafa bayan kowace. Na gane shingen nan ba don ya raba shi da makiyayi aka yi shi ba. Lokaci yake tsarewa: yaushe a shiga, yaushe a jira. Mutanen nan sun daɗe da shirya wannan tsakaninsu, ba takarda, ba hatimi, da reshe ɗaya da dutse ɗaya. Ni kuma na zo da igiyar awo ina ganin ni zan koya musu tsari.

Don haka, ɗiyata, ba cewa nake ki rufe kowace ƙofa ba. Ki bar ta yadda kika iske ta. Wadda kika samu a buɗe, wataƙila an buɗe ta ne don 'yan maruƙa su kai ga ruwa, ko don jaki ya dawo da kansa. In kika rufe, kina iya kashe dabba da ƙishi kina ganin alheri kika yi. In kin ga alamar ba da niyya aka bar ta ba, reshe a yashe, igiya a tsinke, ki tsaya wurin ki yi kira, ko ki nemi mai ita ki gaya masa. Tambaya ba ta rage miki diplom.

Irin fangali huɗun ya cika ƙwarya ɗaya da 'yar rabi. Da sha ɗaya ne, da kowa ya samu yadda yake so. Baba Ila ya zauna a zaure ya raba wa gida goma sha tara da ƙaramin gwangwanin tumatir, kowa ɗaya, ba a cika ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina ganin kowane gwangwani ina lissafa abin da na rage masa. Ba wanda ya dube ni da mugun ido, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Da aka gama ya ƙulle ɗan abin da ya saura a tsumma, bai fi cikin cokali ba, ya miƙo mini. Na ce ban cancanta ba. Ya ce, “Kai ka ba shi ruwa. Gida ashirin ke nan.”

Shekara uku da suka wuce na koma Tama gaishe shi. Idonsa ya tafi, Inna Hawa ta rasu, amma kullum ana kai shi garka ya zauna. Na yi sallama, ɗansa ya buɗe mini. Da zan tafi, ɗan ya riga ya koma can wajen rijiya, Baba Ila ya ce in rufe daga waje. Na tura reshen, na ɗora dutsen, na jijjiga. Daga ciki na ji muryarsa: “Na ji ya zauna, Gwamnati. Tahi lahiya.” Ban sake ganinsa ba.

Albasar da kika tashi kina gani a bayan gidanmu, wadda nake hana ku taɓa masu farin kai har kuna cewa Baba ya fi son albasa da 'ya'yansa, ita ce. Shekara goma sha huɗu ban bari ta yanke ba. Za ki ga ɗan ƙulli cikin ambulan ɗin nan, cokali ɗaya ne, na auna. Kada ki ajiye shi ya wuce shekara, irin albasa ba ya daɗewa. Kada kuma ki ba da shi ranar farko. Ki jira har wata mata ta buɗe miki garkarta da hannunta, ta kira ki ciki ba don takarda ba. Ita za ki ba, ki ce daga Tama ya fito.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya sa ki bar kowane wuri lafiya yadda kika same shi, ya dawo mana da ke cikin aminci. Amin.

Mahaifinki,
Mamman